Takarda Ta Ce An Yi. Me Jinin Yaranmu Ya Ce?

A watan Oktoban 2025 ma'aikatan lafiya suka bazu cikin unguwannin Dutse da garuruwan Kiyawa, Jahun, Miga, Buji, Birnin Kudu da Gwaram, rataye da akwatunan sanyi, suna yi wa yara allurar rigakafin ƙyanda da rubela a haɗe. Karo na farko ke nan da Najeriya ta shigar da rigakafin rubela cikin tsarin gwamnati, kuma an nufi kowane yaro daga ɗan wata 9 zuwa ɗan shekara 14, wato yara fiye da miliyan 100 a faɗin ƙasa. Aiki ne mai nauyi, waɗanda suka taka ƙasa suka yi shi kuma sun cancanci godiya. Amma akwai tambaya guda wadda rahoton bayan gangami ba shi da hanyar amsa ta: cikin yaran Jigawa ta tsakiya, nawa ne ƙyanda za ta zo ta tarar da ƙofarsu a rufe, nawa ne kuma za ta tarar a buɗe?

Idan ka kai wannan tambaya ofis, za a buɗe kwamfuta a nuna maka yawan alluran da aka yi. To, wannan amsar wata tambaya ce daban. Yawan allura labarin aikin ma'aikaci yake bayarwa. Garkuwa kuwa a jikin yaro take zaune, kuma akwai hanyar auna ta da ɗigon jini kaɗan daga ɗan yatsa. Matsayina shi ne: muddin da gaske muke yi cewa za mu kawar da ƙyanda da rubela, wajibi ne Jigawa ta auna garkuwar da ke jinin mutanenta, ta kuma bar sakamakon awon ya ja akalar aikinta, ko da ya ci karo da alƙaluman da aka riga aka yi wa tafi.

Yadda ake haɗa adadin da muke yi wa tafi

Lissafin ofis mai sauƙi ne. Ana tattara takardun ƙirge daga ayarin masu allura, a haɗa jimlar yaran da aka yi wa, sannan a raba da yawan yaran da ake tsammanin suna wurin. Kowane ɓangare na wannan lissafi yana da rauninsa.

Ɗauki yawan yaran da ake tsammani. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da Najeriya ta yi ita ce ta 2006, wadda ta ba Jigawa mutum kimanin miliyan 4.36. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Tun daga 2006 ƙiyasi ake ɗorawa a kan ƙiyasi, ana ƙara kaso iri ɗaya kowace shekara, sai ka ce Dutse da ta cika da ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa tun da ta zama babban birnin jiha a 1991 tana girma ne daidai da ƙauyen da samarinsa ke tafiya cirani duk rani. Idan an ƙiyasta yaran wata mazaɓa ƙasa da yadda suke, ayari zai iya barin ɗaruruwa a baya kuma takarda ta nuna an yi wa kashi 100 cikin 100 har da ɗoriya. Duk wanda ya taɓa zama a taron bitar rigakafi a ƙasar nan ya san ba baƙon abu ba ne a ga kashi 105 ko 110 a allo. Adadin da ya wuce ɗari cikin ɗari shaida ce cewa ma'aunin ya karkace, amma sau da yawa tafi ake yi masa.

Ɗaya ɓangaren kuma mutum ne ke cike shi, mutumin da ya san wanda ya kawo kashi 70 tuhuma za a aika masa, wanda ya kawo 98 kuwa yabo zai sha. Ba sai mutum ya zama maƙaryaci ba kafin irin wannan tsari ya lanƙwasa masa alƙalami.

Mun taɓa ganin inda wannan hanya ta kai mu. A lokacin da alƙaluman ofis ke nuna cewa fiye da kashi 90 na jariran Najeriya sun karɓi allura ta uku ta Penta, binciken gida-gida na 2016 zuwa 2017 ya samu kashi 33 ne kacal. A Jigawa kashi 7 aka samu. Wannan abin kunya ne ya sa Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafin yau da kullum a 2017. Da aka sake binciken a 2021, Jigawa ta tashi zuwa kashi 49. Gyaran ya fara ne ranar da wani ma'auni daga waje ya ƙaryata takardun cikin gida. Da an ci gaba da dogaro da takardun, da har yau muna taya juna murna a kan kashi 7.

Ko allurar ta shiga, garkuwa ta samu?

Binciken gida-gida ya fi lissafin ofis, amma shi ma katin rigakafi yake dubawa, in babu kati ya dogara da abin da uwa ta tuna. Uwar da aka yi ta ƙwanƙwasa wa ƙofa shekara da shekaru domin ɗigon shan-inna, ga alluran sanƙarau da na shawara, ba laifinta ba ne in ta kasa bambance wacce ce ta ƙyanda.

Ko da katin na nan kuma an rubuta daidai, allura da garkuwa abubuwa biyu ne. Rigakafin ƙyanda ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, zafi da hasken rana suna kashe ta. Dole a adana ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, bayan sa'a 6 sai zubarwa. Mai karatu ya tuna zafin Dutse a watan Afrilu, ya tuna halin wutar lantarki, ya tuna tazarar da ke tsakanin firjin ƙaramar hukuma da rugar da ke bayan fadama. Allurar da ta mutu a hanya tana shiga takardar ƙirge daidai da mai rai.

Sannan ko lafiyayyar allura ce, idan aka yi wa jariri ɗan wata 9, kimanin 85 cikin 100 ne take kamawa, domin sauran garkuwar da ya gado daga mahaifiyarsa kan hana ta aiki a jikin wasu. Dalilin da ya sa aka ƙara allura ta biyu a wata 15 ke nan. Mu yi lissafi da adadin ƙasa na 2021, inda kimanin kashi 60 na yara suka karɓi allurar ƙyanda ta farko. Cikin jarirai 100, an yi wa 60, ta kama 51. Saura 49 a buɗe. Baɗi wasu 49 za su zo su tarar da su. Masana sun daɗe da lura cewa idan tarin yaran da ba su da garkuwa ya kusa kai yawan haihuwar shekara guda, annoba na bakin ƙofa. Gangami irin na Oktoba ana yin sa ne domin share wannan tari, sai dai sanannen rauninsa shi ne yakan sake samun yaran da dama ana samun su, ya sake tsallake waɗanda dama ake tsallakewa.

Ƙyanda kuwa ba ta yin rangwame. Mai ɗauke da ita ɗaya kan harbi mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta da garkuwa. Yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, kuma ƙwayar kan zauna a iskar ɗaki har sa'a biyu bayan ya fita. Shi ya sa ake bukatar kusan kashi 95 na jama'a su kasance da garkuwa kafin a yanke mata hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai ta kashe mutum kimanin 107,500, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ta fi yin kisa inda tamowa ta riga ta raunana yaro. Wanda ya tashi ma tsugune ba ta ƙare masa ba: binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna ƙyanda kan goge wani babban kaso na garkuwar da jiki ya tara a kan wasu cututtukan, ta bar yaro ga ciwon huhu da gudawa na tsawon lokaci. Inda tazarar da ke tsakanin tsira da annoba ba ta wuce kashi biyar ba, ma'aunin da kan yi kuskuren kashi talatin ba shi da amfani.

Abin da jini ke faɗa

Idan jiki ya haɗu da wata ƙwayar cuta, ta hanyar ciwo ko ta allura, yakan ƙera sinadaran garkuwa da suka dace da ita kaɗai, kuma na ƙyanda da rubela kan zauna a jini shekaru masu yawa. Awon garkuwar jama'a shi ne a zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a yadda za su wakilci yanki gaba ɗaya, a nemi izini, a tsira ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan wata takarda ta musamman ya bushe, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Akwai na'urar da ke iya duba garkuwar cututtuka da dama daga ɗigo guda. Abin da ke fitowa shi ne taswira: a wane rukunin shekaru, a wane yanki, kashi nawa ne ke da kariya.

Amfanin taswirar yana bayyana idan aka ajiye ta kusa da katin rigakafi. Inda babu kati kuma babu garkuwa, ba a isa wurin ba, maganin kuma shi ne ƙarin ayari da abin hawa da tattaunawa da masu gari. Inda kati ya cika amma jini ya nuna wayam, sai a koma a binciki firji da akwatin sanyi, ko alƙalamin da ya cike katin. Inda kuma aka samu garkuwar ƙyanda a jikin yara amma babu ta sarƙe-haƙora, wadda ba a samun ta sai ta allura, to akwai alamar yaran nan da ciwo suka sayi garkuwarsu, kuma wasu 'yan'uwansu sun biya da rai. Matsala uku ke nan, kowace da maganinta daban, takardar ƙirge kuwa fuska ɗaya take nuna musu duka.

Rubela: inda rabin aiki ya fi ƙin yi haɗari

A kan rubela ne hujjar ta fi ƙarfi. Ga yaro, rubela ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje na kwana biyu zuwa uku, sau da yawa ma ba a lura da ita. Ga mace mai sabon ciki masifa ce. Idan ta kamu a watanni ukun farko, haɗarin cutar ta taɓa ɗan tayin kan kai kashi 90: ɓari, ko haihuwar jariri kurma, ko mai yanar ido, ko mai nakasar zuciya. Wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, shi ya fara gano wannan alaƙa a 1941. Annobar Amurka ta 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai kimanin 20,000 da irin wannan nakasa.

Kafin a kawo allura, yawancin 'yan mata kan kamu da rubela tun suna ƙanana, su warke, su shiga gidan aure da garkuwarsu. Idan aka yi wa kusan duk yara allura, cutar kan ɓace, kowa ya tsira. Amma idan aka yi wa rabi aka bar rabi, cutar kan rage gudu ba tare da ta mutu ba. Yarinyar da ba a yi wa allura ba sai ta girma ba ta haɗu da ita ba, ta zo ta haɗu da ita tana da ciki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wannan ya faru a zahiri. A ƙasar Girka an fara yi wa yara allurar rubela a tsakiyar shekarun 1970 ba tare da tsayayyen tsari ba, kuma shekara da shekaru waɗanda ake yi wa ba su kai rabi ba. Gwajin jinin mata masu ciki ya nuna waɗanda ba su da garkuwa sun tashi daga kimanin kashi 12 a farkon shekarun 1970 zuwa kimanin kashi 36 a farkon shekarun 1990. A 1993 annoba ta ɓarke, aka tabbatar da jarirai 25 da aka haifa da nakasar rubela. Jini ya yi gargaɗi tun da wuri, ba a saurare shi ba.

Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana shawartar ƙasashe kada su shigar da allurar rubela sai rigakafin ƙyandarsu ya kai kashi 80. A Satumban 2024 kwamitin masananta ya janye wannan sharaɗi, bisa hujjar cewa jira ma yana da tsadarsa, kuma babban gangami da gangamin bibiya a kai a kai za su iya toshe giɓin. Ina ganin shawarar daidai ce. Amma ta ɗora mana nauyi: wanda ya shiga da rauni a rigakafin yau da kullum, dole ya sa ido fiye da kowa.

Yanzu mu dawo gida. Gangamin Oktoba ya tsaya ne a shekara 14. Yarinyar da ta cika 15 a Jahun ko Gwaram a wannan wata ba ta cikin lissafi, kuma a yankinmu ita ce ke dab da aure da haihuwar fari. Akasarin irinta sun riga sun yi rubela a ƙuruciya, amma akwai waɗanda ba su yi ba, kuma babu takardar ƙirgen da za ta faɗa mana ko su kashi 3 ne ko kashi 20, domin ba a taɓa ƙirga su ba. Bambancin waɗannan adadi biyu shi ne bambancin a bar su ko a shirya musu allura ta musamman kafin aure ko bayan haihuwa, tunda ba a yi wa mai ciki.

Rubela ta kuma ba mu wata dama da ba za ta dawo ba. Kafin Oktoban 2025, ƙaramin yaron ƙauye ba shi da hanyar samun garkuwarta sai ta kamuwa. Saboda haka duk tashin da aka gani a garkuwar rubela tsakanin 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu bayan gangamin, sawun ayarin allura ne a jini. Indiya ta yi amfani da wannan dabara: ta auna jinin yara a wasu gundumomi kafin babban gangaminta na ƙyanda da rubela da kuma bayansa, ta ga inda aikin ya kama da inda aka bar giɓi. Idan muka yi jinkiri, sawun zai gauraye da na alluran yau da kullum, karanta shi ya yi wuya.

Ba baƙon aiki ba ne a ƙasar nan

Wani zai ce wannan aikin ƙasashe masu kuɗi ne. Tarihinmu na kusa ya ƙaryata shi. A 2011, lokacin da shan-inna ta ƙi barin Arewa duk da zagayen ɗigo marasa iyaka da rahotanni masu daɗin ji, an auna jinin yara a Asibitin Murtala da ke Kano, tare da masana daga Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sakamakon ya nuna garkuwar jarirai ba ta kai ta yanke yaɗuwar cutar ba. Aka maimaita awon a 2013 da 2014 domin a ga ko gyare-gyaren da ake yi suna aiki. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna. Awon jini bai yi wannan aiki shi kaɗai ba, amma yana cikin abubuwan da suka hana masu aikin yaudarar kansu.

A 2018 kuma Najeriya ta yi babban binciken cutar ƙanjamau da ake kira NAIIS, aka shiga gidaje a kowace jiha har da Jigawa, aka gwada jinin mutum kimanin 200,000. Sakamakonsa ya sauke ƙiyasin masu ɗauke da cutar zuwa kashi 1.4 na 'yan shekara 15 zuwa 49, ya kuma sauya jihohin da ake bai wa fifiko. Ragowar jinin an adana shi a babban ɗakin gwaje-gwaje na hukumar NCDC da ke Gaduwa a Abuja, inda daga baya aka duba na yara fiye da 30,000 domin garkuwar cututtuka da dama, har da ƙyanda da rubela. Zambiya ma ta yi haka da jinin binciken ƙanjamau nata na 2016. Ma'ana, na'ura na nan, ƙwararru na nan, hoton garkuwar yaranmu kafin zuwan allurar rubela ma na nan a ajiye. Abin da ya rage shi ne hoto na biyu da za a kwatanta da shi.

Hujjojin masu ja da baya

Ba zan raina su ba, domin wasu na da nauyi.

Na farko tsada. Gaskiya ne binciken gida-gida da ɗibar jini na cin kuɗi da lokaci, kuma kuɗin da aka kashe a kai ba a sayi firji da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kanta ba ta ce a mayar da shi abin yi kowace shekara ba, ba ta kuma ce ya maye gurbin bin diddigin masu zazzaɓi da ƙuraje ba. Amma a kwatanta kuɗin awo ɗaya da kuɗin gangamin da aka maimaita a inda ba a bukata aka tsallake inda ake bukata. Akwai kuma hanya mai rahusa: jinin da ake ɗiba dama a wurin awon ciki a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da Babban Asibitin Jahun inda ƙungiyar MSF ke kula da dubban masu haihuwa tun 2008. Ragowarsa, da izini kuma ba tare da suna ba, zai iya ba da hasken farko kan garkuwar rubela a jikin mata. Rauninsa a fili yake: matar da ke zuwa awo ba ita ce wadda aka fi tsallakewa ba. Saboda haka mafari ne, ba ya wadatarwa.

Na biyu, gwajin ba ya bambance garkuwar allura da ta ciwo, kuma wasu kayan gwajin kan kasa ganin garkuwa mai rauni. Haka ne. Amma ƙyanda ma ba ta tambayar inda ka samo garkuwarka, abin da ya dame ta shi ne ko kana da ita. Sauran kuma aikin ƙwararru ne: haɗa sakamako da shekarun yaro da katinsa, da tantance wani kaso na samfuran da gwaji mafi inganci.

Na uku, awon ba zai iya nuna halin kowace mazaɓa cikin 287 da ke jihar ba, domin hakan na bukatar samfura masu yawan gaske. Wannan ma gaskiya ne. Zai nuna ƙaramar hukuma ko rukunin ƙananan hukumomi, da rukunin shekaru. Daga nan sai masu unguwanni da ma'aikatan asibitin mazaɓa su ɗauka, su da suka san gida-gida.

Na huɗu shi ne mafi girma: yarda. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu, shari'a ta ja har aka yi sulhu a 2009. Ba su manta da ƙaurace wa ɗigon shan-inna na 2003 ba. Wanda ya zo ɗibar jinin yaro a ƙauye, da wannan tarihin zai yi sallama. Sai dai darasin Trovan shi ne kada a taɓa ɗan mutum ba da saninsa da yardarsa ba. Bai ce mu zauna cikin duhu ba. Maganin zargi shi ne a yi komai a fili: a fara da fadar Sarkin Dutse da hakimai da dagatai da limamai, a bayyana wa uba da uwa da Hausa abin da za a duba da abin da ba za a duba ba, a gwada jinin a cikin ƙasa, wanda ya ƙi a ƙyale shi ba tare da barazana ba, sannan a dawo garin a faɗi abin da aka samu. Abin da ya fi ɓata yarda shi ne masu bincike su ɗebi abin da suke so su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Abin da nake nema

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jihar da su nemi sakamakon Jigawa na jinin 2018 su ajiye shi a matsayin mafari. Su shirya awo na gida-gida, a fara da ƙananan hukumomi bakwai na tsakiyar jihar, wanda zai haɗa yara daga wata 9 zuwa shekara 14 da mata daga shekara 15 zuwa 49. A tabbata ƙuri'ar zaɓen ta haɗa da tsangayu da rugage, domin jerin gidajen da ya manta da almajiri da ɗan makiyayi zai maimaita kuskuren takardar ƙirge ne da jini. A sa malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse da likitocin jihar a gaba, domin ilimin ya zauna a gida. A kuma kafa rajistar jariran da aka haifa da yanar ido ko kurumta ko ciwon zuciya a manyan asibitocin nan uku, a riƙa gwada su.

Sharuɗɗa biyu ne za su raba wannan aiki da sauran rahotannin da ƙura ke ci a kabad. Na ɗaya, tun kafin a tsira yatsan farko a rubuta a sa hannu: idan garkuwar wani rukuni ta gaza kaza, ga abin da za a yi, ga mai yi, ga kuɗinsa a kasafi. Na biyu, kada a hukunta kowa saboda adadi ya fito ƙasa. Ranar da aka dakatar da jami'in rigakafi don jini ya tona giɓi a yankinsa, ranar aka koya wa sauran yadda za su karkatar da awo na gaba.

Nahiyar Afirka ta sa wa kanta 2020 a matsayin shekarar kawar da ƙyanda, shekarar ta zo ta wuce. Kanada, wadda ta kawar da ita tun 1998, ta rasa wannan matsayi a Nuwamban 2025 saboda ƙananan al'ummomin da matsakaicin adadin ƙasa ya ɓoye. Idan hakan ya samu ƙasa mai cikakkiyar rajistar haihuwa, mu da muke raba lissafi da ƙidayar 2006 ba mu da hujjar kwanciya.

Ko mun auna ko ba mu auna ba, za a yi awon. Ƙyanda na zagayowa duk rani, tana shiga gida-gida ba ta neman izinin kowa, kuma ba ta taɓa kuskuren gano yaron da aka tsallake ba. Sakamakonta a gadajen asibiti da maƙabartu ake karanta shi. Gara mu riga ta.